Yadda ake shirya fita bishara ƙauye a dogon hutu, ga 'yan Zumuntar Matasa na Jos

Salama 'yan'uwa. Duk shekara da an shiga Yuli makarantu na shirin rufewa sai ka ji shugabannin Zumuntar Matasa sun fara waige-waige, wai bana ina za mu je, kamar hutun ya faɗo musu ne daga sama. Na ja matasan majami'armu nan Jos mun je ƙauyuka ba sau ɗaya ba sau biyu ba, wasu tafiyoyin sun yi albarka, wasu kuma har yau in na tuna kunya nake ji, toh shi ya sa na ce bari in rubuta yadda muke yi yanzu bayan mun sha wuya. Na fi sanin tsarin ɗarikun ECWA da COCIN don a cikinsu na tashi, in kai ɗan Baptist ne ko Angilika sai ka canza sunayen ofisoshi kawai, sauran duk ɗaya ne.

Da an gama Ista ku fara. Kuma ba a WhatsApp ake farawa ba, a ofishin Baba Fasto ake farawa. Ku je ku uku ko huɗu, ku zauna, ku ce Baba ga abin da ke zuciyarmu, shi zai kai maganar gaban dattawa. Kar ku fara sanarwa ko tara kuɗi kafin dattawa su amince, in kun yi haka ko tafiyar ta yi kyau sai an kira ku zaman bayani. In sun yarda sai a rubuta takarda, a ECWA tana bi ta LCC, wato majalisar majami'un da ke kusa da juna, zuwa DCC, majalisar gunduma, a COCIN kuma daga LCC zuwa RCC, majalisar yanki, ta nan za a haɗa ku da shugabannin yankin da za ku. 'Yan ECWA ku tambayi mutanen EMS, sashen aika masu bishara na ECWA, tun 1948 suke aika masu bishara 'yan ƙasa, sun san wane ƙauye ne mai bishara ke zaune shi kaɗai da iyalinsa yana fama, ga hedikwatar nan a Jos ba sai kun yi nisa ba.

Nan ne maganar da na fi so ku riƙe. Kada ku zaɓi ƙauye don sunansa ya yi muku daɗi ko don hoto zai yi kyau a wurin. Ku zaɓi inda akwai mai bishara ko fasto da ke zaune, wanda zai ci gaba da zama bayan kun kwashe kayanku. Ku kwana biyar ko bakwai za ku yi, shi shekara da shekaru, duk abin da kuka ɓata shi zai gyara, duk wanda ya ba da gaskiya shi zai yi renonsa. Da ɗan gari akan ci gari. Saboda haka tambayar farko da za ku yi masa ita ce, Baba me kake bukata mu zo mu taya ka? Wani zai ce yara sun yi masa yawa ba mai koyar da su, wani zai ce rufin majami'a na yoyo, wani zai ce akwai unguwanni uku bayan dutse da ƙafarsa ba ta kaiwa. Amsar da ya ba ku ita ce shirinku, ba wanda kuka zana a Jos ba.

Bayan haka a tura mutum biyu ko uku su je leƙo, wajen Mayu ko farkon Yuni, kuma in da hali su sake komawa sati biyu kafin tafiya saboda hanyar rani daban hanyar Agusta daban. Mu wata shekara mun tsallake wannan, muka dogara da waya, aka ce mana ai mota na shiga har ƙofar majami'a. Gaskiya ne tana shiga, a watan Fabrairu. Muka iso rafi ya kawo, bas ta tsaya, muka ɗauki janareta da buhun shinkafa a ka muka taka kusan awa biyu cikin taɓo, 'yan mata na kuka, direba na masifa. Masu leƙo su duba hanya da rafuffuka, inda maza za su kwana da inda mata za su kwana, ban ɗaki, rijiya ce ko burtsatse ko rafi ake sha, ina asibiti ko kilinik mafi kusa da kuma wa ke da babur in dare ya yi, wane layin waya ne ke kamawa kuma a kan wane tudu, wace rana ce kasuwa, wane yare ake yi kuma tsofaffi na jin Hausa ko sai da tafinta. Sannan mai bishara ya kai su gaisuwa wurin dagaci ko mai unguwa. Ku tafi da ɗan abin gaisuwa, ku rusuna, ku ce ranka ya daɗe mu baƙin Baba mai bishara ne, muna neman izini mu zo da yara ran kaza mu tafi ran kaza. In akwai ofishin 'yan sanda ko sojoji a hanya ko 'yan banga a garin, su ma a sanar da su.

Maganar tsaro ba sai na tsawaita ba, duk mun san hare-haren da aka kai a Bokkos da Barkin Ladi a jajibirin Kirsimeti na 2023, ga Mangu da Riyom da Bassa. In shugabannin yankin suka ce bana kar ku zo, kar ku zo, ba rashin bangaskiya ba ne, 'ya'yan mutane kuka ɗauka. Ba tafiyar dare, ku tashi Jos da asuba ku isa da rana tsaka. Kuma a bar wa Fasto da sakataren majami'a cikakken jerin sunayen duk wanda ya shiga mota da lambar iyayensa.

Yawan mutane: 15 zuwa 20 ya isa. In kun wuce haka kun zama kaya a kan ƙauyen, ruwa ba zai isa ba, ban ɗaki ba zai isa ba, rabinku kuma zaman hira za su yi. A cikin adadin dole a sami dattijo ɗaya da mata biyu daga Zumuntar Mata, ba don girki kawai ba, akwai gidan da saurayi ba zai iya shiga ba amma Mama ta shiga ta zauna a tabarma ta taya ɓarar gyada hira ta yi nisa. A nemi nas ko ma'aikacin lafiya ɗaya, mai ganga ɗaya, wanda ya iya taɓa janareta ɗaya, da duk wanda ke jin yaren wurin, Berom ne ko Ngas ko Mwaghavul ko Tarok ko Irigwe, a Jos kam da wuya a rasa a majami'a ɗaya. Wanda bai kai shekara 18 ba sai da takardar yardar iyaye da sa hannu, ba "Mama ta ce ba komai" da baki ba.

Kuɗi. Ku zauna ku rubuta kasafi, mota zuwa da dawowa, abinci, fetur na janareta, magani, littattafai, sai ku ƙara kashi 10 cikin 100 a kai don abin da ba a zata ba, kuma zai zo. Dattawa su ba ku Lahadi ɗaya ta baiko na musamman, ku raba ambulan, kowane mai tafiya ya kawo nasa komin ƙanƙanta don wanda bai sa ko sisi ba shi ne ke fasawa ana gobe tafiya. Ku ce wa mutane ba sai kuɗi ba, mudun shinkafa ko wake ko galan na manja duk baiko ne, iyayenmu mata sun fi sakin hannu ta nan. Ma'aji da wani mutum ɗaya su riƙa ƙirga tare, komai da rasit ko a rubuce a littafi. Ku riƙe tsabar kuɗi a hannu, a can ba POS kuma tiransifa sai an hau dutse. Kuɗin dawowa a ƙulle shi daban a ba dattijo, kar a taɓa ko za a kwana da yunwa.

Sati huɗu kafin tafiya a fara horo, sau ɗaya ko biyu a sati da yamma. Addu'a da azumi, nazarin Luka sura 10 inda Yesu ya aiki almajirai biyu biyu ya ce su fara da sallama a gidan da suka shiga, su ci abin da aka sa a gabansu, wannan na cin abin da aka ba ka ku tsaya a kansa sosai da yaran Rayfield, unguwar masu hali, da ba su taɓa shan gwate ba. Kowa ya koyi ba da shaidarsa cikin minti uku da Hausa tsantsa. Za ku sha dariya, matasanmu na Jos jimla ɗaya sai an cusa Turanci huɗu, ga wanda bai san ana cewa ceto ko alheri ko tuba ba. A sa su karanta Littafi Mai Tsarki na Hausa da ƙarfi a gaban juna har bakinsu ya saba. Ku tambayi mai bishara wane juyi suke karantawa a can, don tun 1932 aka fitar da cikakken Littafi da Hausa kuma akwai dattawan da kunnensu ya saba da kalmomin tsohon juyin, in ka karanta sabo sai su ga kamar ka canza musu aya. Haka waƙoƙi, ku ɗauki Littafin Waƙoƙi ku koyi waɗanda suke rerawa, ku kuma koyi ko guda biyu da yarensu.

Sayayya kwana biyu kafin tafiya. Hatsi a Katako, kayan miya da kabeji da dankali a Farin Gada da sassafe. Mu muna lissafin mudu ɗaya na shinkafa ga mutum 8 a ci ɗaya in samari sun yi yawa, sai wake, garin masara, garin kwaki, kuka da kuɓewa busasshe, daddawa, Maggi, gishiri, suga, ganyen shayi. Ku sayi fiye da bakinku domin yaran ƙauye za su zagaye tukunya kuma ba za ku iya korarsu ba. Itace ku saya a can a hannun matan garin, amma a gaya musu da wuri su ajiye busasshe. Kowa ya zo da tabarma ko ƙaramar katifa, bargo, gidan sauro, tocila, kwano da cokali, bokiti, takalmin roba da leda babba ta rufe jaka. In saman dutse za ku kamar wajen Pankshin ko Bokkos, rigar sanyi biyu, sanyin Agusta da ruwan da ke wuni yana zuba ba wasa ba ne. In kuma kun gangara ƙasa wajen Langtang ko Shendam ko Wase, can zafi ne da sauro da maciji. Wase ɗin nan ma a nan su Karl Kumm, Turawan mishan na SUM da suka kafa tushen COCIN, suka fara yada zango a 1904, in kun bi ta wurin ku nuna wa yara dutsen Wase.

Akwatin magani a hannun nas shi kaɗai, ba kowa ya zama likita ba. Ruwan sha a tafasa ko a sa maganin tsabtace ruwa, ba jayayya. In gudawa ta kama wani kuma babu ƙunshin ORS, wato haɗin gishiri da suga na gudawa, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali 6 na suga a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba shi kaɗan kaɗan, in bai tsaya ba a kai shi asibiti. Maciji kuma, musamman kububuwa a ƙasar Langtang, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau da igiya, a kwantar da mutum kar ya yi ta tafiya, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take, ana kai masu saran maciji Zamko a yankin. Ba mai fita fitsari da dare ba tocila ba takalmi.

Ran tafiya a taru a majami'a Fasto ya yi addu'a ya sallame ku. Da kun isa, kafin a kwance kaya, a sake zuwa gaida mai gari gaba ɗaya. Ranar farko ba wa'azi, ku share wurin kwana, ku gyara ban ɗaki, ku zaga a gan ku.

Yanzu ga inda yawancinmu muke kuskure. Hutunku ne, amma su ba hutunsu ba ne, damina ce. Ƙarfe shida na safe gari ya watse kowa na gona, in kun fito ƙarfe tara da Littafi a hammata kuna bi gida gida, tsofaffi da awaki kawai za ku tarar. Toh ku bi su gonar. Bayan addu'ar asuba a sha kunu ko shayi, samari da 'yan matan da ke da ƙarfi su ɗauki fartanya, mai bishara ya nuna gonar gwauruwa ko ta tsohon da ba shi da mai taya shi, ko Kirista ne ko ba Kirista ba, a yi masa gayya har sha ɗaya ko sha biyu. Hannunku zai yi kanta, za su yi muku dariya yadda kuke riƙe fartanya, ku bar su su yi, wannan dariyar ce ke buɗe ƙofa da yamma. Wani tsoho ya taɓa ce mini, ɗana, masu wa'azi sun sha zuwa amma ban taɓa ganin wanda ya sunkuya a gonata ba, zauna in ji abin da ya kawo ka. Kar ku manta da gonar mai bisharar kansa, sau da yawa ita ce ta fi ciyawa don yana can yana hidimar mutane.

Sauran da suka rage a gida su riƙe yara, daga tara zuwa sha biyu, waƙa, labarin Littafi Mai Tsarki ɗaya a rana, aya ɗaya ta haddacewa, wasa, in da hali a ƙara karatu da lissafi don iyaye na son wannan sosai. A raba su ƙanana da manya, kuma kullum manya biyu a kan kowane aji, a fili inda kowa ke gani. Yaron da iyayensa ba su yarda ba kar a ja shi da alewa.

La'asar, kamar ƙarfe huɗu, sai ziyara biyu biyu, kowane biyu da ɗan gari ɗaya. A yi sallama a jira a amsa, a gaisa a tambayi gona da ruwa da yara, kar ka buɗe Littafi kana tsaye. In sun ba ka wuri ka faɗi abin da Yesu ya yi maka, ka tambaya ko akwai abin da za a yi musu addu'a. In gidan Musulmi ne ko masu bin al'adar gargajiya ko rugar Fulani, ladabi ninki biyu, ba zagin addinin kowa, ba gardama, ba taɓa wurin tsafin mutane ko shiga kurmin da aka ce ba a shiga don a nuna jarumtaka. In an ce ba a so, ku yi godiya ku wuce. Ku za ku hau mota ran Litinin, 'yan'uwan da ke wurin su za su ci gaba da cin kasuwa ɗaya da mutanen nan. Hoto ma sai an tambaya, kuma ba kowane ake sawa a Facebook ba, musamman na wanda ya tuba a ɓoye.

Da dare taro, bakwai zuwa tara ya isa, mutane sun gaji kuma gobe akwai gona. Waƙa da ganga, shaida ɗaya ko biyu, gajeren wa'azi. In za ku nuna fim ɗin Yesu na Hausa ku gwada majigi da lasifika da janareta tun a Jos, ku zo da fulogi da waya na ajiya, ku kuma shirya inda za a gudu in hadari ya taso, mu yanzu cikin majami'a ko ajin firamare muke nunawa kawai. Duk wanda ya fito ya ce yana so ya bi Yesu, mai bishara ya kasance a wurin, shi zai rubuta sunan, shi zai san ko mutumin nan sau na biyar ke nan yana fitowa.

Kayan rabo, hmm. Wata shekara mun zo da buhunan gwanjo muka baje a rana ta biyu, kafin ka ce kwabo mata na faɗa, wata ta ce an ba dangin mai bishara masu kyau, muka dawo Jos muka bar bawan Allah da rigimar da ta ɗauke shi watanni. Tun daga nan ba ma raba komai da hannunmu. A damƙa wa mai bishara da dattawan wurin a ɗaki ran da za a tafi, su san mabukata, su raba a hankali. Kuma kar a haɗa kyauta da kiran tuba a zama ɗaya.

Sujadar Lahadi tasu ce. Kar ku ƙwace makirufo. Ku bar mai bishara ya bi da sujada yadda ya saba, waƙar buɗewa, addu'a, karatu, sanarwa, Zumuntar Mata su yi tasu da tulu da kacau-kacau, mawaƙa su yi, ku ma a ba ku waƙa ɗaya ko biyu, sai baiko, ku fito da abin kirki a baikon nan don shi zai zauna a asusunsu. In ya roƙi ɗayanku ya yi wa'azi kuma da tafinta, jimla gajeru, ka faɗa ka tsaya, ka sani minti 20 naka zai zama 40. Ba misalin go-sulo ko intanet, ka kawo na iri da ciyawa da rumbu. Baftisma da Jibin Ubangiji ba aikinku ba ne, sabbin masu bi za su shiga ajin baftisma, rabaran na yankin zai zo a lokacinsa.

Kafin ku hau mota a share ko'ina, a ƙone shara, a biya duk bashin itace ko kaza ko kwanon da aka fasa, a bar ragowar abinci da Littattafai Masu Tsarki da Littafin Waƙoƙi a hannun mai bishara, a koma wurin mai gari a yi ban kwana. Kada kowa ya yi alkawarin da ba a tattauna ba, irin su za mu gina muku majami'a ko zan ɗauki yaron nan makaranta, a ƙauye ba a manta irin wannan.

Lahadin da ta biyo baya ku ba da rahoto a gaban ikilisiya, minti goma, har da lissafin kuɗi dalla-dalla, kwafi ɗaya ga dattawa. A naɗa mutum biyu da za su riƙa kiran mai bishara duk sati biyu su tambayi sunayen waɗanda suka fito su bi Yesu ɗaya bayan ɗaya, wa ke zuwa aji, wa ya daina, wa aka kora daga gida yana bukatar taimako. Sannan tun a wannan zaman a sa ranar komawa, mu mukan koma mutum huɗu ko biyar lokacin kaka ran sujadarsu ta godiya, hanya ta bushe, kuɗin mota kaɗan ne, kuma ku tafi da buhu don ba za su bar ku ku dawo ba acca ko doya ba.